Ruwan Da Ya Dake Ka

Hausawa kan ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan bayyana halin ɗan Adam game da damina, domin kowa da ruwan garinsu yake auna na duniya. Idan Bakano ya ce an yi ruwa bana, abin da yake nufi daban ne da abin da mutumin Kalaba yake nufi in ya faɗi haka, kuma su duka biyun ba su san abin da Ba'azbine yake ji a ransa ba ranar da ya hangi hadari a kan duwatsun Azbin. A jami'a, inda ɗaki guda kan haɗa ɗan Nguru da ɗan Kafanchan da ɗan Zariya, wannan bambanci yakan fito fili a watan Afrilu. An soma ruwa a Jos, wani yana mitar tufafinsa sun ƙi bushewa, wani kuwa yana tsaye bakin taga yana lissafin cewa a garinsu sai nan da wata biyu ko uku za a ga ɗigon farko.

Ni dai ruwan Dilimi ne ya dake ni. A wannan unguwa ta tsakiyar Jos na tashi, tsakanin shagunan masu sayar da kayan gyaran mota da kogin da unguwar ta ci sunansa. Ruwanmu ba ya jiran dare. Da hantsi rana na nan tarwai, kafin la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, ta wajen duwatsun Shere, gari ya yi duhu, iska mai sanyi ta kaɗa, sa'an nan a kece kamar da bakin ƙwarya. A kan rufin kwano ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Wani lokaci yakan zo da ƙanƙara, mu yara mu fita da kwanoni muna tsinta, iyaye na yi mana tsawa daga zaure. Kafin a ɗauke, kogin da ka tsallaka da safe a kan duwatsu ya cika ya rine ja wur, yana ruri, yana tafe da itace da tsummoki da duk abin da ya tarar a hanya. Haka ake yi tun daga Afrilu har Oktoba, kuma a watannin Yuli da Agusta marka kan yi kwana da kwanaki ba a ga rana sosai ba.

Masana yanayi da milimita suke auna ruwan sama. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ni kuwa na fi gane lissafin idan na mai da shi jikin mutum. Mai karatu ya ƙaddara cewa ruwan shekara guda ya tsaya cik inda ya sauka, ƙasa ba ta sha ba, rana ba ta ɗauka ba, bai kuma gangara ko'ina ba. A Jos, inda akan sami kimanin milimita 1,400, zai kai wa babban mutum kafaɗa. A Kano zai tsaya kusa da ƙugu. A Nguru iyakarsa gwiwa. A Agadas zai ɗan haura idon sawu, a Bilma kuwa, can tsakiyar hamada inda ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri, ko yatsun ƙafa ba zai rufe ba. In aka juya kudu, a Kalaba ruwan shekara ya kai kimanin milimita 3,000, wato zai shanye ɗaki har rufinsa, kuma a ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru yakan kai 10,000, tsayin bene mai hawa uku ke nan. Daga Kalaba zuwa Bilma bai kai kilomita 2,000 ba. A wajen nahiyarmu abin ya fi haka tazara: Mawsynram ta arewa maso gabashin Indiya tana samun kusan milimita 12,000, alhali garin Arika na ƙasar Cile, a bakin hamadar Atakama, ba ya samun ko milimita 1 cikakke in aka raba ruwansa bisa shekaru.

Wannan rabo yana da dalili. A tsakiyar duniya, wato yankin ikwaita, rana tana dukan ƙasa da teku kai tsaye duk shekara. Iska ta yi zafi, ta ɗauki tururi ta hau sama, ta huce a can, ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa manyan kurmin duniya suka jeru a layi guda: Amazon, Kwango, tsibiran Indonesiya. Iskar nan da ta juye kayanta ba ta tsaya ba, takan bi ta sama ta yi arewa da kudu, ta je ta sauko a wani wuri mai nisa, a bushe ƙayau. Inda take saukowa nan ne Sahara da hamadar Larabawa a arewa, Kalahari da tsakiyar Ostareliya a kudu. Wato iskar da ta shayar da Kwango ita ce ke isa Sahara hannu rabbana.

Mu a Afirka ta Yamma tsakanin waɗannan biyu muke zaune, shi ya sa shekararmu ta zama kokawar iska biyu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atalantika da danshi, ɗaya daga Sahara da ƙura, ita ce ta hunturu. Inda suka yi karo yana matsawa arewa tun daga farkon shekara, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sa'an nan ya juyo. Duk garin da iskar teku ta riga isa, ta kuma daɗe kafin ta bar shi, shi ne mai doguwar damina. Kalaba tana shan wata tara ko goma, Jos shida zuwa bakwai, Sakkwato da Nguru uku zuwa huɗu. Har ma a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama a ƙasar Hausa, mutanen Ikko da Badun sukan sami ɗan hutun ruwa, domin ruwan ya yi ƙaura zuwa wajenmu. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne danshin daga kudu maso yamma yake zuwa, amma hadarin da ke sauke shi daga gabas yake tasowa, kamar yadda kowane manomi ya sani tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin ruwa.

To, amma Jos ta fi ƙarfin rabon da layinta ya ba ta. Yola ta fi Jos kusa da kudu, duk da haka ruwanta ba ya cika kai milimita 1,000. Tudu ne ya jawo mana wannan gata. Garin yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere kuwa sun haura 1,800. Iskar teku in ta iso gindin tsaunin ta wajen Kagoro da Asob ba ta da hanya sai hawa, kuma duk mita 1,000 da ta hau takan rasa zafi kamar digiri 6, sai ta kasa riƙe tururinta. Ta zubar a gefen da ta hau da kuma kan tudu, ta gangara wajen Bauci da saura kaɗan. Dutse guda, gefe ɗaya kurmi, gefe ɗaya ƙaya.

Har zuwa nan lissafin yana tafiya daidai: ruwa da yawa, itace da yawa. Inda ya rikice mini shi ne ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya rubuta a allo cewa birnin Landan yana samun kimanin milimita 600 a shekara. Ƙasar da muke gani a hotuna kore shar, wadda mutanenta ba sa rabuwa da lema, ashe Kano ta fi ta ruwan sama. Ajin ya ɗauki hayaniya, wasu suka ce malam ya manta sifiri guda. Bai manta ba. Ruwan Landan yayyafi ne da ke sauka kaɗan-kaɗan cikin wata goma sha biyu, ƙarƙashin rana marar ƙarfi, saboda haka ƙasa tana sha a tsanake, ba ta kuma bushewa. Na Kano kuwa cikin wata huɗu ko biyar yake zuba, rabinsa a guje, ya wanke gona ya nufi kwari, sa'an nan rana ta yi wata bakwai tana karɓe abin da ya rage. A kan Tafkin Cadi rana tana shanye ruwa mai zurfin kusan mita 2 kowace shekara. Wanda ke samun albashi kaɗan duk wata, kuma ba a binsa bashi, ya fi wanda aka danƙa wa kuɗin shekara rana ɗaya mabarta na jiransa a ƙofar gida.

Can ƙarshen arewacin duniya, a gefen Saberiya da Kanada, akwai filayen da ba sa samun ko milimita 250, wato a ma'auni hamada ce. Amma in ƙanƙara ta narke sai su zama taɓo da kududdufai da sauro, domin ƙasar da ke ƙarƙashi a daskare take shekara da shekaru, ruwa ba ya nutsewa, sanyi kuma ya hana rana ɗauka. Kudu da su akwai daji mafi faɗi a duniya, na itatuwa masu ganye kamar allura, wanda a wurare da yawa ruwansa bai kai na Katsina ba. A bakin Bahar Rum kuma, ƙasashe irin su Tunisiya da Falasɗinu, da sanyi ake ruwa, lokacin zafi ne raninsu. Saboda haka alkama da zaitun da ɓaure suka zama abincinsu, mu kuwa in muna son alkama sai mun jira hunturu mun yi mata ban-ruwa a Kadawa. Ko hamada ma ruwa yana kisa a cikinta: a watan Nuwamba na 2009 ruwan 'yan sa'o'i ya halaka fiye da mutum 100 a Jidda.

Itatuwa sun riga mu sanin duk wannan. Na kurmi ba su da lokacin zubar da ganye gaba ɗaya, tun da ba su san rani ba, rigimarsu ta neman hasken rana ce, shi ya sa suke tsere zuwa sama. Kuka ta tara ruwa a cikinta ta tuɓe ganye ta jira. Bagaruwa da aduwa sun ƙanƙanta ganyensu sun yi ɗamara da ƙaya. Gero ya koyi gama rayuwarsa cikin wata uku. Gawo ne kaɗai ya ɗauki hanyar da ba ta kowa ba, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma wannan taurin kai nasa shi ya sa manomi ke ƙaunarsa, don ba ya yi wa shuka inuwa, ga shi ya ba gona taki ya ba dabba abinci lokacin da babu.

Idan haka ne, me ya sa tudun Jos, da ruwansa har kafaɗa, ya zama fili fetal, ciyawa da duwatsu da shingayen ƙerana? Wanda ya ga ragowar dajin Amurum kusa da Laminga, ko itatuwan da suka maƙale a kwazazzabai inda gatari ba ya kai wa, ya san ƙasar tana iya ɗaukar daji. Noma da ƙuna na ɗaruruwan shekaru sun rage shi, sa'an nan kuza ta zo ta ƙarasa. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka bi yashin Dilimi har Naraguta suna neman kuza, kuma cikin 'yan shekaru dubban leburori suka cika tudun, kowa yana bukatar itacen girki da na jin ɗumi. Haƙar kuza aikin ruwa ne, da shi ake kwance ƙasa, da shi ake wanke ta. Don haka aka datse ƙoramu, aka karkatar da wasu, aka kafa tashar lantarki ta ruwa a Kura a 1929. Da kasuwar kuza ta faɗi, manyan kamfanoni suka watse suka bar tulin ƙasa da ɗaruruwan ramuka cike da ruwan sama. Ramukan nan sun ci yara da shanu ba adadi. Su ne kuma, tare da Dilimi, suke shayar da lambunan kabeji da karas da latas da ake lodi a kasuwar Farin Gada.

Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda kuza ta kawo. Daga wani ƙauye na ƙasar Katagum ya zo cin rani, yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka, bai koma ba. Yakan ce nauyin kwano bai taɓa ba shi tsoro ba, abin da ya firgita shi shi ne ruwan da ke dukan mutum ya bar shi yana karkarwa, shi da ya saba ruwa rahama ce mai kawo sauƙin zafi. Ya ga zamanin aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa don haƙar kuzar yaƙi, aka zuba su a bukkoki ba bargo, sanyi da marka suka kashe da dama. Daga baya ya sami ɗan fili a bakin kogi ya kafa jigo. In yana ban-ruwa yakan nuna arewa da haɓa ya ce da mu, “Wannan ruwa gida za shi.”

Taswira ta gaskata shi. Dilimi ya ratsa Jos ya wuce ta Naraguta, ya gangara ƙasar Bauci ya shiga kogin Bunga, wanda a gaba ake kira kogin Jama'are. Ya bi ta ƙasar Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja kafin Gashuwa, daga nan sunansa Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya nufi Tafkin Cadi. A ɗaya gefen tudun kogin Kaduna ya tashi ya tafi Neja, Gongola kuma ya zagaya ya faɗa Binuwai a Numan. Ɗigo biyu na hadari guda, da 'yan kilomitoci a tsakaninsu, ɗaya ya ƙare a Atalantika, ɗaya a bakin Sahara.

Wannan shi ne abin da jadawalin littafin makaranta ba ya nunawa. Jadawali yakan ba kowane yanki launinsa da adadinsa, kurmi kaza, sahel kaza, sai ka ce kowa da randarsa. Alhali fadamun Haɗeja da Nguru, inda ruwan sama iyakarsa gwiwa, suna noman shinkafa, suna kamun kifi, suna kiwon dubban shanu, har tsuntsaye daga Turai suna zuwa cin hunturu a can, duk da ruwan da ya sauka a kan wasu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, reshen Haɗeja ya zama sai abin da aka sako. Reshen Jama'are ne ya rage yana ambaliyarsa yadda Allah ya yi shi, kuma dalilin da ya sa ke nan aka daɗe ana taƙaddama a kan madatsar Kafin Zaki da aka fara aka dakatar: manomin Bauci yana son ruwan ya tsaya, na Yobe yana son ya wuce, kuma kowannensu da gaskiyarsa.

Rabon kansa ba ya zama wuri ɗaya. A farin 1973 da na 1984 damina ta ja da baya zuwa kudu, garuruwan da suka saba da ƙugu suka koma gwiwa, na gwiwa suka koma idon sawu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Lagon yake zuwa, namu ɗan ƙari ne. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, sai dai ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Adadin shekara yana iya yin daidai da na da, amma a zuba shi cikin 'yan kwanaki.

Mu mutanen bakin Dilimi ba sai an karanta mana wannan ba. A daren 22 ga Yuli, 2012, cikin kwanakin farko na azumi, aka yi ruwa na 'yan sa'o'i, kogi ya tumbatsa ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 30 suka rasu, da yawansu yara, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka nutse. Washegari na bi bakin kogi tare da masu neman 'yan'uwansu, muna ɗaga katifu da langa-langa daga cikin laka. An yi ta cewa ƙaddara ce, kuma babu musulmin da zai musa. Amma kogin bai bar hanyarsa ba, gidajen ne suka tarar da shi a kanta. Ba na ganin laifin talakan da ya yi gini a can, domin tun bayan rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya kowa ya koma inda yake jin zai kwana da ido biyu rufe, unguwanni suka cushe, fili ya yi tsada, wanda ya rage mai araha shi ne na cikin kwari. Abin da ba ni da uzurinsa shi ne yadda muka mai da kogin juji. Da an ga hadari sai a fito da bola a juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Leda da robobi su toshe ƙarƙashin gada, baƙin man garejoji ya bi sahu, kuma da wannan ruwan ne mai lambu na ƙasa da mu zai shayar da latas ɗin da za mu saya gobe. Tudun da aka sare wa itace, aka kuma rufe da kwano da siminti, ba ya riƙe ruwa ya saki a hankali. Abin da ya kamata ya yi wata yana tsiyaya sai ya wuce cikin dare ɗaya, ya yi ɓarna a nan, ya kuma bar ƙoramu a bushe tun kafin tsakiyar rani.

Tafiyar kuwa doguwa ce, kuma ruwan ba ya sauri da zarar ya bar duwatsu. Yakan bazu a fadamu, ƙasa ta sha, rana ta ɗauki nata, kaɗan ne ke fita ta Gashuwa. Sai wajen Nuwamba ko Disamba kogin ke cika a Difa ta Jamhuriyar Nijar, garin da ruwan samansa bai wuce milimita 300 ba. A lokacin hazo ya rufe Jos, leɓuna sun tsage, Dilimi ya koma 'yar ƙoramar da yaro ke tsallakewa. Manoman Difa kuwa a sa'an nan suke tsakiyar aiki, sun jera injuna a bakin Komadugu suna ban-ruwan jan tattasan da ake busarwa a yi lodinsa buhu-buhu zuwa kasuwannin Nijeriya.